Yaya Ƙirjin Abokinka?

Jikana Faisal ya ɗauke ni zuwa Jidda in ga wasansu na ƙwallon ruwa. Wuri ne mai shuɗin daɓe, ruwan garai-garai kamar na sha, da raga a kowane gefe, da wani mai usur yana kai da kawowa a bakin ruwa. Da suka fito na ce masa ai mu ma mun yi irin wannan a Makka tun ba a haifi ubansa ba. Ya juya wa abokansa maganar da Larabci, suka yi dariya, ba ta raini ba, irin dai wadda ake yi wa tsoho. Ɗaya ya kira ni kaka da Larabci, ya ce, "Ya jaddi, a Makka? Ina ruwan yake?" Wani ya ce ai abin ba wuya, iyo ne da jifa, duk wanda ya samu wuri zai iya.

Ban ba su amsa a ranar ba, don ba na son in faɗi abin da ban auna ba. Na yi karatu a makare, bayan na bar sana'ar da zan ba da labarinta, har na gama kwaleji na koyar da yara shekaru masu yawa, kuma abin da karatu ya ƙara mini shi ne tsoron faɗar abu ba daidai ba. Cikin waɗanda muka yi wasan nan tare, mutum biyu na samu da rai, na tambaye su. A wasu wuraren sun yarda da ni, a wasu sun saɓa wa juna. Inda ban tabbata ba zan faɗa. Shekarun dai su ne na kafin babban yaƙin Turawa, da lokacinsa, da bayansa kaɗan.

Sana'armu nutso a rijiya. Mafi yawan Hausawan unguwannin Hindawiyya da Jarwal na Makka a lokacin 'yan ga-ruwa ne, suna ɗaukar zafa, wato garwa biyu a sanda. Mu kuwa 'yan kaɗan ne da ake kira in guga ya tsinke, ko wani abu ya faɗa ya mutu a ciki, ko laka ta toshe idon rijiya ruwa ya daina tsattsafowa. Muna kuma shiga sahariji, ɗakin ajiyar ruwa da ake ginawa a ƙarƙashin manyan gidaje. Larabawan gari ba su cika iya ruwa ba. Mutanenmu da suka taso a bakin kogi suka zo Hajji a ƙafa suka zauna, su suka riƙe wannan aiki.

Aikina na farko awarwaro ne. Wata mata a wani gida kusa da unguwar Misfala ta leƙa sahariji, awarwaron zinariya ya zame daga hannunta. Maigidanmu, Baba Na-Yawuri, tsohon masunci ne mai faɗin ƙirji da ƙaramar murya, shi ya kai ni. Kafin komai ya ɗaura aci-balbal a zare ya zura. In wutar ta mutu kafin ta kai ruwa, iskar wurin ba ta da kyau, ba mai shiga sai an yi fifita da tabarma an sake gwadawa. Ta kai lafiya. Ya toshe mini kunnuwa da auduga da man riɗi, ya ɗaura mini igiya a ƙarƙashin hammata, ƙullin a baya, ya miƙo mini dutsen nutso, wani baƙin dutse mai huda da ake runguma ya kai mutum ƙasa. Sauran kayan ba su da yawa: 'yar gajeriyar fartanya, ƙugiya mai baki uku, da kwandon kaba da ake cika wa laka. A ƙasa ba a ganin komai. Da tafin hannu ake gani, ana shafa laka a hankali, don in ka dama ta abin da kake nema ya ƙara nutsewa. Na samo awarwaron a nutso na huɗu ko na biyar, tare da cokali da muƙamuƙin kyanwa. Matar ta karɓi awarwaron, ta ce a mayar da sauran inda aka samo su. Baba bai yi dariya ba sai da muka fito titi.

Abin da matasa ba su gane ba shi ne, wanda ke ƙasa ba shi ne mai wahalar aikin ba. Shi ya san ƙirjinsa, in ya ji ya cika sai ya saki dutse ya taso. Mai igiya ne ba ya ganin komai. Yana tsaye a bakin rijiya, igiya na bi ta tafin hannunsa, masu ja uku ko huɗu na bayansa suna jiran ya ce a ja. Wani lokaci ƙafa kan maƙale a tsagar dutse. Wani lokaci mutum kan suma ba tare da ya sani ba, ya kwanta a laka shiru kamar mai barci. To yaushe za ka ce a ja? In ka makara, gawa za ka fitar. In ka yi gaggawa, ka jawo ƙato lafiyayye a gaban jama'a, ka kashe masa kasuwa. Akan ce an jawo wane kamar guga, kuma ba mai sake kiran wanda aka jawo kamar guga. Ba mu da agogo. Ko da muna da shi, ban tabbata zai yi amfani ba, don ƙirjin mutum na yau ba shi ne na watan jiya ba.

Saboda wannan aka kafa wasan. Ɗaya daga cikin tsofaffin da na tambaya ya ce Baba ya ƙirƙiro shi bayan wani ƙanensa ya mutu a rijiya da igiya a jikinsa. Ɗayan ya ce a'a, ya tarar ana yi, shi dai ya sa masa doka. Ni ban sani ba. Abin da na gani da idona shi ne, a ƙasan gari, bayan Misfala, akwai wata gonar ganye mai babbar birka, tafkin da aka gina da dutse, zurfinta ya shanye dogon mutum har da ɗaga hannu. Mai gonar ya yarda mu yashe masa ita kyauta, shi kuma ya bar mana ita kowace Juma'a bayan La'asar. Ƙwallonmu salkar ɗan akuya ce da aka hura aka ɗaure aka shafe da kitse, santsi gare ta kamar tarwaɗa. A gefe ɗaya akwai matakala, a ɗayan akwai bakin kwata inda ruwa ke fita zuwa gona. 'Yan Kogi, wato mutanen Yawuri da Kabi da Nufe, suna tsaron matakala. 'Yan Tafki, waɗanda suka biyo ta Chadi suka daɗe a can, suna tsaron kwata. Ni an haife ni a hanya, a wani ƙauye a bakin Nilu, sai aka jefa ni cikin 'yan Tafki don sun fi ƙaranci.

Dokar da ta bambanta wasanmu da na su Faisal ita ce, kowa yana da mutum ɗaya a ɗaya ɓangaren, abokin danninsa. In salka na hannunka, shi kaɗai ke da ikon kama ka ya danna ka ƙarƙashin ruwa, ya riƙe ka har sai ka saki. Kai ma haka za ka yi masa. Kuna kokawa a ƙasa, ƙirji da ƙirji, kana jin bugun zuciyarsa a hannunka, kana jin lokacin da cikinsa ya fara shure-shure yana neman iska. Mako bayan mako, har ka san iyakarsa fiye da yadda matarsa ta san shi. Wannan mutumin, shi ne mai igiyarka ranar aiki, kai ne nasa. Ba amininka ba, ba ɗan'uwanka ba. Baba yakan ce amini tausayi zai ji, ya sake ka da wuri, bai koyi komai ba.

In an tashi wasa, sai a zauna a matakala, Baba ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: "Yaya ƙirjin abokinka?" Amsa biyu ce kawai. Ko ka ce "Yana nan," ko ka ce "Ya ragu." Wanda aka ce nasa ya ragu ba ya shiga rijiya sai wata Juma'ar ta wanke shi. Sannan a sha shayi, wanda ɓangarensa ya sha kaye shi ke sayen gurasa.

Abokin dannina Sale Bakabe. Ya girme ni da shekara goma ko fiye, baƙi, siriri, mai dogayen yatsu, yana da mata da 'ya'ya mata uku a wata bukkar kwano a Hindawiyya. Ba wanda ya kai shi daɗewa a ruwa. Bakinsa kuwa ba ya hutawa. Da yake ina yawan cewa wataƙila, sai ya mayar da ita sunana.

"Wataƙila! Taho in wanke ma kai, ka kwan biyu ba ka sha ruwan birka ba."

"Yau kai za ka sha, Bakabe."

"Ni? Ni da kifi muka yi makarantar allo. Kai mi ka sani ban da ruwan tulu?"

Yadda na auna shi kuwa, da ƙirjina ne. In ya nutse a rijiya, ni ma a sama sai in ɗauke numfashi tare da shi. In nawa ya ƙare na shaƙa, na san Sale yana da saura, kamar gwargwadon abin da mutum zai ɗaura rawani a nitse. In wannan ya wuce igiya ba ta motsa ba, to a ja. Shekaru muna haka ban taɓa cewa a ja shi ba, shi ma bai taɓa ja na ba, ko da yake yakan ce yana jin ƙaiƙayin yi a hannunsa.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai masu saukar da alhazai, da ke tuna sahariji sai ayari ya kusa, su zo suna "yalla, yalla" kamar mu muka sa laka a ciki. Akwai tsofaffin mata da ke ba mu ful, dafaffen wakensu, da gurasa kafin mu shiga, suna addu'a har mu fito. Akwai wanda zai tsaya a kanka yana koya maka nutso alhali bai taɓa jiƙa gwiwarsa ba. Wani attajiri ya taɓa cewa a cire mini igiya don kada ta goge masa farar ƙasar bakin sahariji. Baba ya naɗe kayanmu muka tafi.

Sai mummunar shekara ta zo. Yaƙi ya hana jiragen ruwa zuwa, alhazai suka yi ƙaranci, abinci ya yi tsada, sannan sama ta ƙi zubar da ruwa. Rijiyar da ke cika birka ta ja baya, mai gona ya ce abin da ya samu na ganyensa ne. Muka ga birka tana sauka, daga wuya zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa gwiwa, har ta koma laka mai tsagewa. Wasa ya tsaya. Aiki kuwa ya ƙaru, don duk gari ya koma kan 'yan rijiyoyi masu zurfi, kowace kuma tana bukatar a buɗe mata ido. Wato lokacin da muka fi shiga ruwa shi ne lokacin da muka daina sanin juna.

Baba ya gwada dabara. Ya sa a cika garwa, kowa ya tsoma kai abokinsa na riƙe da wuyansa. Ba ta yi ba. Mutum a tsugune, ba ya kokawa, ba ya tsoro, zai daɗe ya ba ka ƙarya. Ya ci gaba da tambayarmu ranar Juma'a a kan busasshiyar matakala, muna cewa "Yana nan," shi da mu duk mun san labarin watannin baya muke ba shi.

A cikin watannin nan na fara jin Sale yana tari. Ba mai yawa ba, irin busasshen nan da safe. Na ga kuma in mun hau tudu yakan tsaya ya gyara takalmi, takalmin da ba abin da ya same shi. Na tambaye shi, ya ce ƙura ce. Na yi tunanin gaya wa Baba, to amma me zan ce? Doka ba ta san tari ba, abin da hannunka ya ji a ruwa ta sani. Kuma ni kaina na rame, ina cin abinci sau ɗaya a yini. In na ɗauke numfashi ina jin ya fi saurin ƙarewa. Abin da ya hana ni sukuni ke nan: ma'aunin da nake auna shi da shi, shi ma ya canja, ban san da nawa ba.

Rijiyar da abin ya faru tana wani lungu a Jarwal, tsohuwa, mai zurfi, ginin dutse. Mai unguwa, wanda suke kira umda, shi ya aiko. Da muka isa da hantsi, layin garwa ya kai bakin titi, mata da 'yan ga-ruwa sun cika wurin, ana ta hayaniya. Wani dutse ya ɓalle daga gini ya zauna a kan idon, sai an ɗaura masa igiya an ɗaga. Na ce wa Sale bari ni in shiga.

"Kai? Ka kai ƙasa ka tsaya kana wataƙila wannan ne dutsen, wataƙila wancan? Riƙe igiya."

Aci-balbal ta kai lafiya. Muka zura shi. Daga sama ba ka ganin komai sai wani ɗan haske kamar kwabo, da kansa baƙi a tsakiya. Ya yi nutso na fari ya taso, ya ce ya taɓa dutsen. Na biyu ya taso, na ji tarin yana hawowa ta cikin rijiya, rijiya kuwa tana ƙara wa sauti girma. Na leƙa na ce ya huta.

"Mi kaka jira? Saki igiya!"

Ya yi bisimilla ya nutse. Na ɗauke numfashi. Igiya ta bi hannuna ta tsaya, alamar ya kai ƙasa. Na ji 'yar girgiza, yana aiki. Sannan ta yi shiru. Shirun igiya ba lallai ne ya zama sharri ba, mai ƙulla igiya a dutse yakan kwanta a kansa bai motsa ba. Ƙirjina ya cika, na shaƙa. A da, nan ne zan fara lissafin ɗaurin rawani. To amma nawa numfashin ya gajarta, ke nan Sale yana da saura fiye da da. In kuwa nasa ya fi nawa raguwa, to ba shi da komai, yana kwance a laka. Umda yana gefena yana ba ni haƙuri da Larabci, "Sabur, sabur, ka bar shi ya gama." Masu ja suna kallon bakina. Na ɗan ja igiya da yatsa biyu, yadda muke tambaya. Ba amsa. Mai aiki da hannu biyu ma ba ya amsawa, na san wannan.

Na ce a ja.

Suka ja da ƙarfi. Ya fito daga ruwa yana wutsil-wutsil, aka hawo da shi yana bugun gini. Da ya dafa bakin rijiya ya yi tari mai tsawo, ya amayar da ruwa, idanunsa jajur. Wanda aka fizgo ba shiri yakan shaƙi ruwa, wanda ya fara suma ma haka, don haka wannan bai gaya mini komai ba. Da ya samu magana sai ya ce, a gaban kowa:

"Wa yac ce ka jawo ni? Igiya tana hannuna, saura ƙulli guda! Wa yac ce?"

Wata mata a layi ta ce, "An jawo shi kamar guga." Aka yi dariya. Umda ya tafa hannu ya ce a kira masa wasu. Wani ɗan Kogi da abokinsa suka zo da azahar suka ɗaga dutsen, kuma wanda ya shiga ya ce lallai ya tarar da igiya a zagaye da shi, saura ƙulli. Wannan magana ta zaga Hindawiyya kafin magariba.

Baba ya saurare mu, bai ba kowa gaskiya ba. Sale ya ce a canja masa mai igiya. Baba ya ce ba wanda ya taɓa danna shi sai ni, ba zai ba da igiyarsa ga wanda bai san ƙirjinsa ba. Ni ma ba mai riƙe tawa sai Sale, shi kuwa ya rantse ba zai taɓa ta ba. Muka zauna mu biyu ba aiki, a shekarar da kowa ke neman abin sawa a baki. Na koma ɗaukar zafa. Shi ma na gan shi da ita sau ɗaya, yana hawan tudun Hindawiyya, ya sauke ya tsaya. Da ya hango ni sai ya ɗauka da sauri. Matarsa, Yaya Hajo, ta tare ni a bakin famfon unguwa, ba ta ɗaga murya ba.

"Usmanu, me ya yi maka?"

"Yaya, ban ce ya yi mini komai ba. Tsoro na ji."

"To tsoronka ne muke ci yanzu, ni da yara."

Na ɗauki zafata na wuce.

Ruwa ya zo da sanyin hunturu, irin zuwan da yake yi a Makka, a yini ɗaya, daga kan duwatsu, ya share lunguna. Birka ta cika da jan ruwa. Muka jira ya kwanta, Juma'a ta biyu Baba ya hura sabuwar salka. Duk wanda ya san labarin ya zo kallo, har 'yan ga-ruwa da ba su taɓa zuwa ba, sun jeru a kan katanga.

Sale ya shiga yana ihu kamar da. "Ina Wataƙila? Ku matsa mini, yau zan jawo shi kamar guga!" Salka ta fara zuwa hannuna, ya kama ni ya danna. Hannunsa na nan da ƙarfinsa, ya riƙe ni har na ga taurari, na saki. Aka yi shewa. Can sai aka jefa masa. Na bi shi, na rungume shi ta baya, muka nutse.

Zan faɗi abin da hannuna ya ji, ba ƙari. Da farko ya yi kokawa yadda na san shi. Ban kai rabin nawa numfashin ba sai na ji cikinsa ya fara shure-shure. Na ɗauka dabara ce, don yakan yi haka ya yaudare ni. Na ƙara riƙewa. Sai na ji wani abu a ƙirjinsa yana kurman ƙara, kamar ana jan zare a cikin ƙwarya. Bai saki salkar ba. Ya kama wuyan hannuna da dogayen yatsun nan ya matse. Ban san ko cewa yake in sake shi ba, ko cewa yake in rufa masa asiri. Na sake shi, muka taso tare, salka na hannunsa. Ya jefa ta ta bugi bakin kwata, 'yan Kogi suka ɗauki ihu. A idon duk wanda ke kan katanga, Sale ya kayar da ni.

Muka zauna a matakala. Baba ya biyo layi har ya zo kansa.

"Sale, yaya ƙirjin abokinka?"

"Shina nan," in ji shi, bai dube ni ba. "Tsoro dai ya yi mishi yawa."

Aka yi dariya. Baba ya juyo.

"Usmanu, yaya ƙirjin abokinka?"

In na ce yana nan, gobe ya koma aiki, sunansa ya wanku, yaran Yaya Hajo su ci abinci, ni ma a daina nuna ni. Sannan wata rana in tsaya a bakin rijiya da igiyarsa a hannuna. In na ce ya ragu, kowa zai ce haushin kaye ne, ko ina kare abin da na yi a Jarwal. Kuma danni ɗaya ne kawai, bayan watanni. Na buɗe baki na ce, "Baba, wataƙila…"

"A matakalar nan ba a wataƙila," in ji Baba.

Na ce, "Ya ragu."

Wani a kan katanga ya yi tsaki. Baba ya dubi Sale, yana jiran ya musa, don doka ta ba shi dama ya nemi a sake dannawa nan take. Sale ya daɗe yana matse ruwa daga gefen zanensa. Bai nema ba. Ya tashi ya ɗauki rigarsa ya tafi, bai tsaya shayi ba. Juma'ar da ta biyo na sake danna shi, da wadda ta bi ta, amsar ba ta canja ba. Daga nan ya daina karɓar salka.

Wata safiya na ji ana dukan kwanon bukkata. Na fito na ga Sale da igiya a kafaɗa.

"Tashi, akwai sahariji a Misfala. Kai ka shiga, ni ina sama. Rabin ladan nawa ne, kada ka ce ban gaya ma ba."

Haka muka yi har aka jawo famfo gida-gida, sana'ar ta mutu, mai gona ya sayar da wurin aka cike birka aka yi gini. Sale bai sake nutso ba. Ranar Juma'a yakan tsaya a matakala, ruwa iya ƙugu, in zo da salka ya danna ni da hannuwa, kansa a waje, yana zagina ina ƙasa. A bakin rijiya kuwa, bai taɓa ja na da wuri ba, bai taɓa makara ba. Ya aurar da 'ya'yansa uku da hannunsa kafin ƙirjin ya yi ajalinsa. Bai taɓa ce mini na yi daidai a Jarwal ba. Na tambaye shi sau ɗaya, yana kwance, ko a sume yake a ranar. Ya ce, "Saura ƙulli guda," ya juya fuska bango. Don haka ba zan rubuta cewa na ceci ransa ba, ban sani ba.

Ƙungiyar ba ta bar kofi ko hoto ba. Abin da na san ta bari shi ne, a iya sanina, ba wanda ya mutu a rijiya cikin waɗanda suka zauna a matakalar nan, ko da yake ɗaya daga cikin tsofaffin yana ganin akwai wani, ni ban tuna shi ba. 'Ya'yanmu da yawa sun iya ruwa a garin da ba kogi, su suka koya wa nasu, ta nan abin ya bi har ya kai ga Faisal.

Na koma Jidda kallonsu bayan na gama rubuta wannan. Na tambayi Faisal wa ya san ƙirjinsa a cikin abokan wasansa. Ya ce mai horar da su yana da agogo. Na ce to madalla. Aka busa usur, wani ƙato daga ɗaya ɓangaren ya hau kansa, su biyu suka ɓace a ƙarƙashin ruwa. Mai usur yana kallon ƙwallo a can wani gefe. Sai da yaron ya taso yana furzar da ruwa yana dariya na lura ban shaƙi iska ba tun da ya nutse, hannuna kuma na dunƙule a kan gwiwa, ba igiya a ciki.